Tokar da Ta Zuba a Jirgin Jailani

Duk ranar da babban jirgin masu yawon shaƙatawa zai tsaya a tashar Sabang, mu mutanen Iboih ba sai an faɗa mana ba. Da an idar da sallar asuba za ka ji Bang Jailani, wato Yaya Jailani a bakinmu, yana gwada injinsa, ya kunna ya kashe, ya sake kunnawa, kamar mai tsoron injin ya manta aikinsa cikin dare. Rumfar gahawata tana bakin gadar katakon da ƙananan jirage ke ɗaurewa, saboda haka shekara da shekaru ina kallon shigarsa da fitarsa, kuma a kan bencina yake karyawa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da gemu da ya fara furfura, wanda yake ji da shi ƙwarai. Jirginsa shuɗi ne mai rumfa, an yanke tsakiyar cikinsa an sa gilashi, yadda wanda bai iya iyo ba zai zauna a bushe ya leƙa kifaye da murjani a ƙarƙashin ƙafarsa. Ba ɗan tsibirin nan ba ne. Daga Banda Aceh ya ƙetaro bayan tsunami, shekarar da teku ya hau gari. Matarsa ta farko, Nurbaiti, da 'yarsu ruwa ya tafi da su, ba a ga gawar ko ɗaya ba. Ba ya wannan zancen, mu ma ba ma yi masa. A nan ya auri Salbiya, 'yar wani manomin kanumfari, mace mai kaifin baki da iya girki, ita ce ke ƙunsa wa fasinjojinsa shinkafa da soyayyen kifi a ganyen ayaba. Ɗan Turancin da yake ji kuwa a wajen masu aikin agaji ya tsince shi, lokacin da ya yi musu dako.

Abin da aka san shi da shi a gadar nan shi ne huɗuba. Haka muke kiranta. Kafin ya tada inji sai ya tsaya a gaban fasinjoji ya jero musu dokoki. Su bi agogon babban jirginsu, kada su bi na tsibiri, don jirgi ba ya jiran kowa. Kada a taka murjani, rai gare shi, kuma yana yanka ƙafa. Wanda ya ga biri kada ya miƙa masa abinci, kada kuma ya yi masa murmushi har haƙora su fito, biri zai ɗauka faɗa ake nema. Mata idan sun fito daga ruwa su ɗaura zani kafin su ratsa gari. Mai jin jiri ya sha ruwan kwakwa. Kada kowa ya jefa wa kifi burodi, yana lalata musu ciki. Sauran masu jirage sukan yi ta masa tsiya, Sabirin ya fi kowa, yana ɗaga murya daga nasa jirgin: "Liman, a sallame haka nan, mamu sun gaji." Jailani ko waiwaye ba ya yi. Turawan kuwa suna son abin, har hoto suke ɗaukarsa yana ɗaga yatsa.

Ranar da abin ya faru motocin fasinja sun iso da hantsi kamar kullum, mutane suka yi ta sauka da manyan huluna da jajayen wuya. Na ƙarshe da ya sauko wani dogon tsoho ne, shi kaɗai, da farar riga mai dogon hannu a cikin wannan zafi, ya rungume wata jaka a ƙirjinsa. Rahmi, yarinyar da kamfanin jirgin ke turowa ta raka baƙi, ta zo ta ce wa Jailani tsohon nan sunansa Mista Kolin, jirgi guda yake so shi kaɗai, ba ya son a haɗa shi da kowa, kuma bayan tsibirin Rubiah yake so a kai shi, inda ruwa ke da zurfi. Jailani ya ce can ai ba abin gani, gilashi ba zai nuna komai ba sai duhu. Rahmi ta ɗaga kafaɗa ta ce haka ya nema.

Ina kallo lokacin da ya zo shiga. Sai ya ciro wani gwangwani daga jakar, kore mai zanen furanni da murfi, irin wanda ake zuba ganyen shayi, ya rasa yadda zai riƙe shi ya kuma kama igiya. Jailani ya karɓe masa, ya ajiye tsakanin ƙunshin shinkafa da jarkar mai, sannan ya kamo hannunsa. Duk da mutum ɗaya ne sai da ya yi masa huɗubar gaba ɗaya. Tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai, ya jawo gwangwanin ya ɗora a cinya.

Abin da ya faru a ruwa daga bakin Jailani na ji shi, ya kuma faɗa mini fiye da sau ɗaya, kullum iri ɗaya. Ya ce tun da suka tashi mutumin bai kalli gilashin ba. Sun wuce inda kunkuru ke kiwo, ya nuna masa, bai duba ba. Da suka zagaya bayan Rubiah sai ya ɗaga hannu, Jailani ya kashe inji. Iska tana kaɗawa daga yamma, jirgin yana ta juyawa a hankali. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya je gefe, ya fara kwance murfin.

Jailani ya taso yana girgiza yatsa. "Mista, na faɗa maka, ba a ba kifi abinci."

"Ba abincin kifi ba ne," in ji tsohon. "Matata ce."

Jailani ya ɗauka Turancinsa ne ya gaza. Ya zaci yana nufin gwangwanin na matarsa ne, ko ita ta yi abin da ke ciki. Har ya buɗe baki zai ce ko na waye ba a zubawa, sai tsohon ya karkata gwangwanin. A daidai lokacin jirgin ya gama juyowa, iska ta ɗebo abin da ya zubo ta watso shi baya. Ya sami Jailani a fuska, a ido, a gemu, a cikin bakin da ya buɗe. Ya rufe benci, ya rufe gilashin, ya sauka a kan ƙunshin shinkafa.

Jailani ya ce ba irin tokar murhu ba ce mai laushi. Tana da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, fari-fari da toka-toka. Ya tofar, ya goge harshe da bayan hannu, ya duba hannun, sai ya ga wani ɗan guntun abu fari mai ƙananan huji. Shi da ya yi makonni yana tono gawa daga cikin laka a Banda Aceh ba ya bukatar a gaya masa yadda ƙashin mutum yake.

Bai san lokacin da ya faɗa ruwa ba, da kayansa da komai. Yana ta cuɗa fuska yana kurkure baki, sai ya buɗe ido ya ga ruwan da ke kewaye da shi ya yi fari-fari, tokar tana nutsewa a hankali, ƙananan kifaye suna tasowa suna caka. Ya kama gefen jirgi ya hau da sauri fiye da yadda ya faɗa.

Ya tarar da tsohon a durƙushe a kan gilashin, yana tattara tokar da tafin hannu yana kuka, yana kiran wani suna da Jailani bai kama ba. Jailani ya tsaya ruwa na zuba daga jikinsa, ya tambaye shi wa ya ƙona ta. A ransa gobara ce, ko haɗarin mota, ko wasu azzalumai. Tsohon ya ce ba kowa, ciwo ne ya kashe ta a gadon asibiti, shi da kansa ya kai ta inda ake ƙonawa, don haka ta ce a yi mata. Jailani ya sake tambaya, da wasu kalmomin, ko dai bai fahimta ba. Amsar ba ta sauya ba.

Ya taɓa jin cewa akwai masu yin haka, kamar yadda kowa ya ji. Amma bai taɓa kawo wa ransa cewa zai ɗauki mace da hannunsa ya ajiye ta kusa da jarkar mai ba. Da tsohon ya miƙe ya nufi gefe da abin da ya rage a gwangwanin, Jailani ya tare shi ya fizge. Ya rufe murfin, ya danna gwangwanin a hammata, ya tada inji da hannu ɗaya ya juyo gida. Tsohon yana ta ihu a bayansa, ya ce ɓarawo, ya ce ya ba shi matarsa, ya kama masa riga, Jailani bai saki ba.

Daga nan ni ganau ne. Jirgin ya shigo da gudun da Jailani ke hana kowa yi, ya daki gadar. Ya fito jiƙe sharkaf, gemunsa da gashin kansa sun yi dabbare-dabbare da wani abu kamar siminti. Sabirin na zaune a bencina ya fashe da dariya. "Bang, a buhun fulawa ka kwana?"

"Mutum ne," in ji Jailani. "Wannan da ke jikina mutum ne. Ga sauranta nan."

Ya ɗaga gwangwanin. Na ga dariyar ta bushe a fuskar Sabirin. Wata mai sayar da soyayyar ayaba ta yi salati ta ja da baya har ta ture kaskonta. Kafin a ce me gadar ta cika, amma an bar fili tsakanin mutane da Jailani, ba wanda ke son rigarsa ta taɓa shi. Wasu Turawa da suka dawo daga iyo suka kama tsohon suka fito da shi, da suka ji abin da ya faru sai su ma suka fusata, amma da Jailani. Abin ya ɗaure mini kai a ranar. Mu muna kallon tsohon kamar wanda ya yi abin da ba a taɓa yi ba, su kuma haka suke kallon Jailani.

Rahmi ta iso a guje. Aka kira ɗan sanda, wani kuma ya je ya taho da Tengku Marzuki, limaminmu. A rumfata aka zauna, don nan ne inuwa. Na zuba wa tsohon ruwa bai sha ba. Rahmi ce ke fassara, rabin maganar tana haɗiyewa saboda nauyinta. Tsohon ya ce alkawari ya yi wa matarsa tana kwance, cewa a wannan ruwan zai zuba ta. Ya ce ya ƙetaro rabin duniya saboda wannan kaɗai, ba yawo ya zo ba. Jailani ya ce shi ba riƙewa zai yi ba, a ba shi wuri a tona rami a sa ta kamar kowane ɗan Adam. Ɗan sandan ya ce shi bai san dokar zuba toka a ruwa ba, amma ya san dokar ƙwace wa mutum kayansa.

A nan ne Jailani ya faɗi abin da ban taɓa jin ya faɗa ba. Bai kalli tsohon ba, Rahmi ya kalla.

"Gaya masa ni ma ina da mata a ruwan nan, da 'yata. Ban zuba su ba, ƙwace mini aka yi. Duk shekara ina zuwa babban kabarin da aka tara mutane in yi wa ciyawa sallama, ban san ko suna ciki ba. Da za a ba ni ko yatsa ɗaya na Nurbaiti da na san inda zan sa shi. Shi ga tasa a hannu gaba ɗaya, yana ba kifi."

Rahmi ta fassara tana share ido. Tsohon ya saurara har ta gama. Na zaci ya sauko. Sai ya ce ya ji, ya kuma yi masa ta'aziyya, amma wannan ba matar Jailani ba ce, tasa ce, kuma ita ta zaɓa. Ya miƙa hannu.

Jailani ya dubi liman. Tengku Marzuki ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba shi, Jailani. Ba kai za a tambaya ba." Jailani ya miƙa wa tsohon. Tsohon ya mayar da gwangwanin cikin jaka, ya rungume. Motar ta tafi da su, da la'asar muka jiyo babban jirgin yana busa daga wajen Sabang.

Sai aka bar mu da jirgin Jailani. Ba wanda ya tuna da shi sai da taron ya watse. Muka leƙa daga kan gadar. Toka a benci, a tsagin katako, a kan igiya, a gilashin kuwa ga shatin yatsun tsohon inda ya yi ta tattarawa. Sabirin ya ce a ɗebo bokiti a wanke kawai, ruwa ya tafi da ita inda mai ita ya so. Jailani ya ce wanda ya zuba ruwa a jirgin nan sai dai ya fara da shi. Ya jawo tamfol ya rufe, ya ɗaure kowane gefe, don hadari na haɗuwa.

Bai shiga gida ba sai da ya yi wanka a bakin rijiya a cikin baho, ya hana a zubar da ruwan, ya bari ya kwanta ya tace abin da ya taru a ƙasa. Ya aske gemun nan tas, ya ƙunshe gashin a takarda. Salbiya ta ce da ya shigo ba ta gane shi ba. Ta sa masa abinci, ya kai loma ɗaya ya ji kamar yashi a haƙori, ya fita ya amayar. Kusan mako bai ci abin kirki ba, sai gahawa baƙa a wurina, ita ma yana sha yana taɓa haƙora da harshe.

Tun a yammacin ranar da abin ya faru liman ya ce ba za a yi mata salla ba, ba kuma za a sa ta a makabartarmu ba, amma 'yar Adam ce, ƙasa ce ta dace da ita, duk wanda ke da fili ya ga zai iya, ba laifi. Jailani ba shi da ko taki ɗaya a tsibirin nan. Gonar kanumfarin da ke kan tudu ta Salbiya ce, gadon mahaifinta. Da ya yi mata maganar, har rumfata muna jiyo muryarta. Ta ce a gonar ubanta ba za a binne ƙonanniyar baƙuwa da ba a san ko sunanta ba, ya je ya nemi mijinta a teku ya ba shi. Ta ce da wane ido za ta riƙa hawa tsinkar kanumfari ita kaɗai. Ta ce tun farko wa ya aike shi.

Washegari duk da haka ta bi shi gadar, wai ta kwaso kwanukanta. Ya yaye tamfol ya shiga da sabon buroshin fenti da faranti, yana sharewa a hankali, tsagi bayan tsagi. Ita tana tsaye tana mita. Ta ɗauki ƙunshin shinkafar da ta dafa jiya za ta jefar, ganyen ya buɗe, sai ta ga wani ɗan farin abu a saman shinkafar, ya ɗan fi ƙwayar girma. Ta ɗauka ta juya shi a tafin hannu. Sai ta zauna a kan gadar, ƙafafunta na lilo.

"Wannan fa wata ce ta haife ta, Bang," ta ce. "Ta goya ta."

Ita ta je kasuwa ta yanko farin yadi. Abin da aka tara bai fi cikin tafi biyu ba, har da gashin gemun da shinkafar, don ba a iya rabawa. Mu huɗu muka hau tudun, ni da su biyun da Sabirin, wanda ya ce shi rakiya kawai ya zo amma shi ya yi tonon. Aka sa ta a gindin wani tsohon kanumfari da ke kallon ruwa. Muka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri. A ƙarshe Jailani ya ce, "To, baiwar Allah, ga ƙasa." Muka mayar da ƙasa, ya dasa dutse.

Garin bai dawo daidai da wuri ba. Kwana da kwanaki ba mai sayen kifi, masunta suna dawowa da shi yana ruɓewa, har sai da sarkin ruwanmu ya hana kamu a bayan Rubiah na ɗan lokaci don hankali ya kwanta. Mata suka daina bin hanyar gonar Salbiya. Baƙi 'yan ƙasa da ke zuwa daga Medan, da an nuna musu jirgin shuɗin sai su ce a ba su wani. Sai kuma Rahmi ta zo da saƙo biyu. Na farko, kamfani ya cire Jailani daga masu ɗaukar fasinjojinsa, don ba za su ba mai fizge kayan baƙo amanar baƙo ba. Na biyu, abin da tsohon ya gaya mata a mota. Matar ma'aikaciyar jinya ce. Bayan tsunami ta zo ta yi wata da watanni tana aiki a tantunan asibiti a Meulaboh, tana wanke raunukan mutanenmu. Idan ta gaji har ta kasa tsayuwa sai ta hau jirgin fito ta zo nan ta kwana biyu tana iyo a bayan Rubiah. Ta gaya wa mijinta a duk wannan shekarar nan ne kaɗai ta iya barci.

Wannan labari ya raba rumfata biyu. Wasu suka ce ashe tamu ce, da an sani da an yi mata fiye da haka. Wasu suka ce to ai Jailani ne ya yi shisshigi, matar da ta yi mana wannan hidima ta nemi abu ɗaya an hana ta. Wasu suka ce ƙonawa dai ƙonawa ce. Jailani yana zaune yana ji. Ya cire rumfar jirginsa ya koma kamun kifi da ƙugiya, sana'ar da ya baro tun yana saurayi, yana fita shi kaɗai.

Bayan damina, wata safiya ba ranar babban jirgi ba, sai ga babur mai kwando ya tsaya a gaban rumfata, dogon tsohon nan ya fito. Ya rame, ya riƙe sanda, ba jaka. Ashe ya bugo wa Rahmi waya daga ƙasarsu, ita kuma ta gaya masa abin da aka yi da tokar da ta rage a jirgi. A jirgin fito ya zo kamar kowa. Na aika aka kira Jailani. Suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya miƙa hannu. Tsohon ya ce sauran da ke gwangwanin ya zuba ta a ruwa tun ranar, daga bayan babban jirgi, suna fita daga tashar. Ya cika alkawari. Amma da ya koma gida ya rasa inda zai je. Ranar da ta cika shekara da rasuwa ya sa tufafi ya fito ƙofa, ya tsaya, ya koma ciki.

Jailani ya kai shi tudun, yana tafe yana jiransa. Tsohon ya zauna a ƙasa kusa da dutsen. Sunanta Morin, in ji shi. Jailani ya maimaita har ya zauna masa a baki. Kusan mako guda ya yi a wani masauki a bakin ruwa, kullum da safe sai ya hau, Salbiya tana aika masa da shayi da ƙunshin shinkafa, ko da yake ba ta yarda ta haɗa ido da shi ba. Ba su zama abokai da Jailani ba. Tsohon ya gaya masa a fili cewa har gobe yana ganin fizgewar nan zalunci ce, Jailani kuma ya ce da za a sake, zai sake. Amma tsohon ya sa wani mai sassaƙa a Sabang ya rubuta sunan a kan dutsen, ya kuma je ofishin kamfanin ya yi magana, duk da dai ba su mayar da Jailani ba.

Ranar da zai tafi suna zaune a bencina suna jiran babur, sai ya ce yana da roƙo. Likita ya gaya masa zuciyarsa ba za ta kai shi nesa ba. Ba shi da ɗa, sai wani ɗan ƙanwarsa. Idan lokacin ya yi, yana so yaron ya kawo shi nan, a sa shi a gindin itacen, kusa da ita.

Jailani ya ajiye kofinsa. "A kawo ka yaya?"

"Kamar yadda na kawo ta."

"A ƙone?"

"A ƙone," in ji tsohon. "Ba wata hanyar."

Jailani ya miƙe tsaye ya yi ta kallonsa, mutum mai rai, zaune yana shan gahawa yana shirya yadda za a cinna masa wuta.  Ya juya ya sauka gadar ya shiga jirginsa, ya zauna ya ba mu baya. Babur ya zo, tsohon ya jira kaɗan, ya ɗaga wa bayan Jailani hannu, ya hau suka tafi.

Da yamma Jailani ya dawo bencin. Bai fita kamu ba ranar. Ya daɗe yana juya kofi a hannu, sannan ya ce mini, "Hasbi, idan wata rana wani yaro ya sauko daga mota da gwangwani yana tambayar gidana, me zan ce masa?"

Na ce ya tambayi liman. Ya ce ya san abin da liman zai ce, ni yake tambaya. Na ɗauki tsumma na shiga goge tebur, don ni ma ban sani ba. Bai gaya wa Salbiya ba tukuna.